Sandar dargaza da ta zama baka

Tun ina yaro akwai wani baka da ke rataye a zauren Kawu, yayan mahaifiyata, can saman ƙofa ta ciki inda hannun yara ba ya kaiwa. Baƙi ne wuluk saboda hayaƙi da mai da gumin hannu. Kusa da shi kwarinsa ne na fata, da layu biyu ɗaure a wuyansa. Kwarin an yi mana kashedi a kansa da babbar murya, domin akwai kibau masu dafi a ciki. Bakan kuwa, ranar da Kawu ke cikin nishaɗi yakan sauko da shi, ya ɗaura tsirkiya, ya ce mu zo mu ja. A cikinmu babu wanda ya taɓa kai ta ko rabi.

Yanzu shekarata 43. Ina koyarwa a wata makarantar firamare a Ningi, ƙauyenmu kuma yana ta wajen Burra, tafiyar kamar minti 40 a babur. Kawu ya haura 80, yanar ido ta rufe masa gani, da murya yake gane mutum. Abin da ya mayar da hankalina kan bakan nan wani yaro ne ɗan aji biyar. Muna darasin sana'o'in gargajiya, na rubuta farauta a allo, na jera kayan maharbi a ƙarƙashi: baka, kwari, kibiya, tsirkiya. Yaron ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mene ne tsirkiya?" Na mayar wa ajin tambayar. Yara sun fi 60, a ƙasar da kakanninsu suka kare kansu da kwari da baka, amma shiru. Na yi musu bayani cewa ita ce igiyar baka. Yaron bai zauna ba, ya ce, "To da wane ice ake yin bakan?" Nan bakina ya mutu. Na girma a ƙarƙashin bakan Kawu, na ci naman da ya kawo gida, amma ban taɓa tambayar daga wace bishiya ya fito ba. Abin ya tsaya mini a rai har na kwanta.

Ranar Asabar na tafi gida. Na sami Kawu a kan buzunsa a bakin zaure, na durƙusa na gaishe shi, muka taɓa zancen ruwa da gona, sannan na kawo abin da ke tafe da ni. Tun da na fara koyarwa Malam yake kirana, duk da shi ya yanka ragon sunana. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Malam, ba a koyon baka da baka. In kana so, sai ka sassaƙa naka, ni kuma in zauna kusa." Na ce to mu fara yau. Ya ce a'a. Watan Agusta ne, ruwa ya yi tsakiya, kowane ice a daji ya ƙoshi. Wanda aka sara a irin wannan lokaci, in ya zo bushewa sai ya murɗe ko ya tsage, kuma ƙwaro na son sa. Ya ce in bari a yanke dawa, iskar hunturu ta fara kaɗawa, ganye ya fara zuba.

Wata 4 na jira.

Icen dargaza ne. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ta, ko da bai san ana baka da ita ba: ƙaramar bishiya mai fure ruwan ɗorawa, wadda ɓawonta ke da yauƙi, ake kuma ɗaye shi a yi igiya. Abin da ya sa maharba ke son ta shi ne tana lanƙwasuwa ta dawo, ba ta da gautsi. Inda aka taɓa sare ta ko gobara ta ci, takan tofo da sanduna miƙaƙƙu daga kututture, irin waɗannan muka je nema. Ɗan Kawu na biyu ya goya shi a babur har gindin dutse, ni na bi su da gatari. Daga nan muka riƙe masa hannu muka shiga sarƙaƙiya kaɗan. Duk sandar da na nuna, sai ya kama ta da hannu biyu, ya shafa daga ƙasa har inda hannunsa ya kai, ya ɗan girgiza ta. Ya ƙi fiye da goma. Wata ya ce tana da ido, wato gurbin da reshe ya taɓa fita. Wata ya ce ɓawonta ya murɗa kamar igiya, kuma yadda ɓawo ya murɗa haka naman icen ya murɗa a ciki. Wata ni a idona ba ta da aibu ko kaɗan, ya ce ta yi saurin girma a wuri mai laima, za ta yi laushi. Ya fi son wadda ta tashi a cikin duwatsu, cikin matsi, ta miƙe tana neman rana.

Uku muka sara. Kaurin kowace bai kai ƙotar fartanya ba, tsawonta kuma daga ƙasa zuwa ƙirjina, kamu 3 ke nan, muka bar rarar taƙi guda a kowane kai saboda bakin sara shi ke fara tsagewa. Na tambaye shi me ya sa uku, alhali baka ɗaya nake so. Ya ce shi bai taɓa sarar ɗaya ba, mahaifinsa ma haka.

A ranar muka hura wuta a bayan gida, muka bari ta zama garwashi. Karin maganar nan da muke yi wa yara, cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a ranar na ga ainihinta da idona. Ana riƙe sandar a saman garwashi da ɓawonta, ana juyawa a hankali har ta fara huci, ruwa na tsattsafowa ta bakin sara. In ta yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, sai a sa ta a gwafar bishiya a danna inda ta karkace. Icen da ɗazu yake da taurin kai sai ka ji yana bin hannunka. Ɓawon ma a lokacin yake saɓulewa cikin sauƙi, da farce da bayan wuƙa, ba tare da an ji wa naman icen ciwo ba. Kawu ya nanata wannan har sau uku, kada kaifi ya taɓa abin da ke ƙarƙashin ɓawo. Na ji, amma ban fahimta ba sai daga baya. Muka ɗaure kowace sanda a jikin azara, muka cusa 'yan duwatsu a kusa da kawunan don su ɗan kauce baya, muka shafe bakin sara da man kaɗe, muka ɗora su a rufin madafar Inna. Inuwa ce, iskar hunturu ba ta dukan su kai tsaye, hayaƙi kuma yana korar ƙwaron da ke huda ice. Ya ce wata 3 aƙalla, in an fi haka ya fi.

Ban cika wata ukun ba. Bayan mako 6 aka yi hutun makaranta, na ga ina da lokaci, na zare ɗaya na tafi da ita Ningi ban gaya masa ba. Niyyata in kawo masa baka gamamme ya ji daɗi. Kwana 4 na yi ina fiƙe ta a tsakar gida. A bayanta akwai wani ɗan tudu, bai fi ƙwayar wake ba, ya tsone mini ido, na sa wuƙa na daidaita shi da sauran jikin. Ta yi kyau ƙwarai. Na ɗaura mata igiya na ja, ta lanƙwasa, na ƙara ja. A ja na biyar ta yi ƙara kamar an harba bindiga, rabi ya tashi sama, tsinin ɗaya rabin ya yanke ni a tsakanin babban yatsa da manuni. Tabon na nan.

Ciwon hannun bai dame ni ba kamar yadda zan fuskanci Kawu. Na kai masa guntayen biyu na ajiye a gabansa. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauka ya bi bakin karayar da yatsa, ya tsaya daidai inda na goge tudun nan, ya ce, "Nan ka yanke mata jijiya." Daga nan ya yi mini bayanin da ya fi kowane zama a kaina. Baka yana da baya, yana da ciki. Bayan shi ne gefen da ke kallon abin harbi, cikin kuma shi ke kallon maharbi. In aka ja, bayan miƙewa yake yi kamar fatar ganga, cikin kuma matsewa yake yi. Zaren icen da ke baya dole ya tafi daga wannan kai zuwa wancan ba tare da yankewa ba, ko da ya hau tudu ya sauka. In ka yanke shi a wuri ɗaya, duk ƙarfin jan a nan zai taru, a nan kuma zai ɓalle. Saboda haka duk abin da za a rage, daga ciki da gefe ake rage shi. Bayan kuwa yadda Allah Ya halicce shi haka ake barin sa, da tudunsa da kwarinsa. Ya ƙara da cewa ko ban yanke tudun ba, sandar ba ta gama bushewa ba, da ta lanƙwashe ta ƙi dawowa, ta zama abin da ya kira malalacin baka.

Ta biyu sai da ta yi wata 4 cif a rufin madafa kafin ya yarda a sauko da ita. Ya ƙwanƙwasa ta da zobensa kusa da kunne, ya ce ta yi. Ɗanyen ice amonsa a toshe yake, busasshe kuwa yana da wani ɗan zaƙin sauti.

Asabar 5 muka yi a kanta, kuma a wannan aikin ne na san abin da ake kira sassaƙa. Da farko mun yanke rarar kawunan, muka auna tsakiya da igiya da aka ninka biyu, muka bar faɗin hannu guda a nan ba a taɓa shi, shi ne mariƙi. Daga mariƙi zuwa kowane kai ana so ta riƙa sirancewa sannu a hankali, har kan ya dawo kamar kaurin ƙaramin yatsa. Ba fiƙa ake yi ba, kankara ake yi. Ana tsayar da wuƙa a miƙe a jikin icen a ja ta, abin da ke fita ba ya wuce siririn gashi mai naɗewa. In an kusa, sai a ajiye wuƙa a ɗauki fasasshiyar kwalba. Kawu na zaune yana ƙirga mini. In na kankari wannan reshe sau 20, sai in juya in kankari ɗayan sau 20, sannan in miƙa masa. Ya kafa kai ɗaya a ƙasa, ya riƙe ɗayan, ya danna tsakiya da tafin hannu, ya saurari yadda take ba shi. Sai ya kama hannuna ya ɗora a wani wuri ya ce, "Nan ta ƙi. Rage nan. Kada ka taɓa nan, ya riga ya yi laushi." Wurin da ya yi laushi shi ne hatsari. In wuri ɗaya ya fi sauran lanƙwasuwa, ya zama gwiwa, kuma baka mai gwiwa kwanansa ƙirgagge ne. Maganinsa ba a wurin yake ba, sai dai ka rage duk sauran jikin har ya daidaita da shi, ka ga kuwa ƙarfin bakan ya ragu ke nan. Abin da ka kankare ba ya dawowa.

Tun da shi ba ya gani, ni kuma hannuna bai kai nasa ji ba, sai ya koya mini wata dabara. Muka share ƙasar zaure muka baza rairayi. Aka ɗaura wa sandar doguwar igiya sako-sako, na kwantar da ita a ƙasa, ɗansa ya ja igiyar kaɗan, na bi lanƙwasar da tsinke na zana. Sai muka juya ta, kan sama ya koma ƙasa, muka sake ja daidai wancan, muka ɗora a kan zanen. Duk inda ta fita daga layi, nan ne reshe ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Na sha koya wa yara darasin siffofi masu daidaiton ɓangare biyu a aji, da takarda da almakashi. Ban taɓa tsammanin zan same shi a ƙasar zauren Kawu ba, wurin mutumin da bai taɓa zama a benci ba.

Wani abu kuma, ba a ja wa sabon baka tsirkiya har kunne a rana ɗaya. Yau taƙi guda, a ja a saki sau da yawa, a duba. Gobe a ƙara yatsa biyu. Kawu ya ce kamar ɗan maraƙin da ake koya wa huɗa ne, in ka ɗora masa garma ranar farko ka ɓata shi. A Asabar ta huɗu na gaji ƙwarai, na ce masa ai ta yi haka. Ya ce in ba shi hannuna na hagu. Ya laluba tabon nan ya danna, bai ce komai ba, ya sake ni. Na ɗauki kwalbata na ci gaba.

Da ta daidaita, muka goge ta da busasshen ganyen ɓaure, mai kaushin nan, har ta yi sumul. Muka ɗan ɗumama ta a nesa da wuta muka shafa man kaɗe, ta shanye, muka ƙara, har sau 4. A kai ɗaya muka yi 'yar ƙaramar tsaga inda tsirkiya za ta zauna, ɗaya kan kuma naɗe ta ake yi a ɗaure, don a iya ƙara mata ƙarfi ko a sassauta.

Tsirkiyar bakan Kawu ta fatar gwanki ce, shi ya harbe shi da kansa tun kafin a haife ni. Yau ko a mafarki ba ka ganin gwanki a wajenmu, don haka wurin mahauta na je ranar kasuwa na sayi ɓangaren fatar saniya ɗanya. Aka jiƙa ta da toka har gashin ya saki, aka kankare, aka shanya ta ɗan sha iska. Yankan shi ne gwaninta: daga gefe ake farawa ana zagayawa kamar ana feraye lemo, a fitar da siririn zare guda ɗaya dogo wanda faɗinsa bai canza ba. Inda ya sirance, nan zai tsinke. Na ɓata biyu kafin na sami na uku. Aka sake jiƙa shi, aka ɗaure kai ɗaya a reshen tsamiya, aka rataya dutse a ɗayan, ana murɗa dutsen yana juyawa, fatar na naɗewa tana zama igiya. Kwana 3 tana rataye, kullum a ƙara murɗi a shafa mai. Samarin da ke bin farauta yanzu igiyar roba suke ɗaurawa, kuma ban ga laifinsu ba, don ita fata in ta ji laima sai ta saki, da damina ko da raɓar asuba tana ba da wahala. Amma na gwada duka biyun a bakana. Ta roba tana da wata ƙara mai kaifi in an saki, ta fata kuwa amonta a ƙasa yake, kuma a daji wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Kibau ba su ɗauke mu lokaci ba. Kyauro muka yanko a fadama, muka zaɓi miƙaƙƙu, muka gasa masu 'yar karkata. Maƙerin garinmu ya ƙera mini kawuna 8 da guntun rodi, huɗu masu kunne, huɗu marasa kunne. Ana soka gindin ƙarfen a cikin kyauron, a naɗe wurin da jiƙaƙƙiyar jijiya, in ta bushe ta kama kamar an ɗinke. Gindin kibiyar ma ana naɗe shi kafin a yi masa tsagar da tsirkiya ke shiga, in ba haka ba ja ɗaya zai tsarge. Kibiyarmu ba a sa mata gashin tsuntsu irin wadda yara ke gani a talabijin. Nauyin ƙarfen gaba shi ke riƙe ta a hanya, shi ya sa ba ta son nisa.

A nan ne na tambayi Kawu zancen dafi. Na san da kwankwani ake yi, wata mai yaɗo da ke hawa bishiya, mai dogayen kwanso, kuma dafinta zuciya yake tsayarwa. Bakanmu gajere ne, ba shi da ƙarfin da zai huda babbar dabba ya kashe ta nan take. Aikinsa ya kai dafin cikin jini, sauran kuma bin sawu ne. Da wannan gajeren bakan aka yi abubuwan da muke karantawa a tarihi. A Tabkin Kwatto a 1804, jama'ar Shehu Usmanu dawakinsu kaɗan ne, 'yan baka ne suka tsaya wa dawakin Sarkin Gobir Yunfa har suka karya su. A Burmi a 1903, ranar da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, Baturen da ya jagoranci yaƙin. Mu nan kuwa, tun da Malam Hamza da mutanensa suka baro Tsakuwa a shekarun 1840 suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mutanen dutse, fiye da shekara 50 Kano da Bauchi suna fama da Ningi, kuma duwatsun nan da kibau suna cikin abin da ya hana a ci ta. Duk wannan na zayyana wa Kawu, ina ganin zai sa ya saki. Ya bari na gama, ya ce, "Malam, wannan kam zai bi ni kabari. Zamanin da aka ba ni shi, in mutum ya mutu da kibiya an san kwarin da ta fito. Yanzu wa ya san wani?" Da farko na ji zafi, don a ganina ilimi ne zai ɓace. Da na yi tunanin abin da dazuzzukanmu suka zama a 'yan shekarun nan, da irin mutanen da ke kwana a cikinsu, sai na ga gaskiyarsa. Ban sake tambaya ba. Ya sa ɗansa ya kwashe tsofaffin kibau ɗin nan na cikin kwari ya ƙone kawunansu a wuta ya binne.

Saboda haka bakana na ƙananan nama ne: zabon daji, zomo, gyazbi, fakara in an yi sa'a. Kuma a bakin gonaki da gindin dutse nake yawo, ba na shiga Lame-Burra, don gandu ne da doka ta hana farauta a ciki, ga kuma tsoro. Wata guda na yi ina harbin buhun ƙaiƙayi a bayan gida, daga taku 10, zuwa 15, zuwa 20. Bayan taku 20 kibiyata ba ta da alkawari. Kawu ya ce shi ma a ƙuruciyarsa da wuya ya saki kibiya a abin da ya wuce taku 30. Maharbi da sanɗa yake cin abinci. Ya sa aka ciro masa kan burtunsa daga cikin tukunya, wanda ake ɗaurawa a goshi a rufa da baƙin zane a durƙusa ana tafiya ana sunkuyar da kai kamar tsuntsun na kiwo, har a shiga tsakiyar dabbobi ba su ankara ba. Fatar kan burtun duk ta zube, amma bakin na nan. Ya koya mini in riƙa ɗaukar toka a ɗan ƙyalle, in kaɗa in ga inda iska ta nufa, kullum in sa ta a fuskata. Ya kuma kafa mini sharuɗɗan da aka kafa masa: ba a harbin mai ciki, ba a harbin mai goyo, ba a taɓa zabuwa da damina lokacin da take kan ƙwai, kuma ba a sa wa daji wuta don a kori nama. Wannan na ƙarshen yana ci mini rai, domin duk rani sai ka ga an taru da karnuka da bindigogin toka an cinna wa daji wuta, a kashe na kashewa, wuta ta cinye sauran, har da dargazar da wani zai sara baɗi.

Fita ta farko da ta biyu ban kawo komai ba. Sau ɗaya garken zabi ya tashi tun ina taku 40, sau ɗaya na saki kibiya ta wuce ta saman zomo ta shige ƙaya, ban same ta ba. A fita ta uku na riga alfijir zuwa bakin wata gona da aka girbe gyaɗa, inda na ga sawunsu da yamma. Na zauna a bayan wata geza har ƙafata ta mutu. Rana na ɗagowa suka fito, sun kai 12, suna tono suna matsowa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina ɗaga bakan ba. Na zaɓi na gefe, na yi bisimilla na saki. Sauran suka tashi da kuka, shi ya faɗi yana bugun ƙasa. Na same shi da rai, na yanka. Da na ƙirga daga gezar zuwa wurin, taku 14 ne. Hannuna rawa yake yi har na iso gida.

Na ajiye zabon a gaban Kawu. Ya shafa shi har ya sami inda kibiyar ta shiga, a gindin fiffike, ya ce, "Madalla." Sannan ya ce in ba shi bakan. Ya miƙe tsaye da kyar, ɗansa na tallafe da shi, ya kafa ƙafa, ya ja. Bai wuce rabi ba hannunsa ya tsaya. Ya mayar da tsirkiyar a hankali bai sake ta ba, don ba a sakin baka babu kibiya, ya zauna. Ya ce reshen ƙasa ya ɗan fi na sama tauri, amma kada in taɓa, zai zauna da kansa. Inna ta yi farfesu da daddawa da barkono, ya sha romon ya ci tsoka ɗaya.

Ranar Litinin na tafi da bakan makaranta, ban da kibau. Yaron nan yanzu yana aji shida. Na kira shi gaban aji na ba shi ya riƙe, na ce ya nuna wa 'yan'uwansa tsirkiya, ya nuna. Na ce icen dargaza ne. Yara uku suka ce akwai ta a bayan gonarsu. Har aka tashi suna layi suna ja ɗaya bayan ɗaya.

Da ruwa ya sauka na kwance tsirkiyar, na shafe bakan da mai, na rataye shi a zaure a ƙarƙashin na Kawu. Kusa da baƙin nan, nawa fari ne fat kamar bai ga duniya ba. Sanda ta uku tana nan a rufin madafar Inna, ta kusa shekara yanzu, hayaƙi ya mayar da ita ja. Ɗana na fari, mai shekara 13, ya ce tasa ce. Kawu ya ce a sauko da ita bayan an yanke dawa, yaron ya riƙe wuƙa, ni in yi ƙirga, shi kuma a shimfiɗa masa buzu kusa da mu.